Na Gan Su da Idona a Ikko

Ba zan taɓa mantawa da bazarar shekarar da aka karɓe mana fam da sule aka ba mu naira da kwabo ba. Ko na so in manta, mutanen Tudun Wada ba za su bari ba. A farkon shekarar ne 'yan ƙwallon ƙasarmu suka zo na ɗaya a wasannin Afirka da aka yi a Ikko, muka ji a rediyo, daga nan ƙwallo ya shiga kan kowa a Gombe. Direban da tumbinsa ya hana shi ganin yatsun ƙafarsa sai ka gan shi da yamma yana haki a bayan tasha, wai motsa jini yake yi. Kuɗin mai sun fara shigowa gari, motoci sun yawaita, kowa yana ji kamar babu abin da zai gagari ƙasar nan.

Ni tela ne. A lokacin ina ɗinki a wata rumfar kwano da na jingina da katangar wani mutum, can cikin lungu, inda sai wanda ya san ni yake zuwa. Da safe rana ta shigo in ja keke baya, da la'asar ta zagayo in ja shi gaba, idan damina ta sauka kuma ni da yadin mutane mu jiƙe tare. Babu abin da nake so a duniya kamar shago na gaske, mai ƙofa da kwaɗo, a bakin titi.

Amma ina da abu ɗaya da babu mai irinsa a unguwar: na taɓa ganin 'yan ƙwallon ƙasa da idona. Ina saurayi, kafin a ba mu 'yancin kai da shekara biyu, maigidan da ya koya min ɗinki ya tafi da ni Ikko sayen keke. Muka hau mota zuwa Jos, daga can muka shiga jirgin ƙasa. Wani Bahaushe mai sayar da goro da ya sauke mu shi ya ja mu zuwa wani fili kusa da ruwa, inda 'yan ƙasarmu suke karawa da mutanen Gana. Ban taɓa ganin jama'a irin ta ranar ba. A nan ne mai goron ya gaya mana cewa magabatan waɗannan 'yan wasa sun taɓa shiga jirgin ruwa har ƙasar Ingila, suka buga da Turawa ba takalmi. Ni dai abin da ya tsaya min a ido shi ne fitowarsu: sun jero a guje, jar riga da farin gajeren wando, ja sosai kamar an yanka rago. Na ce a raina, wanda ya ɗinka waɗannan riguna ya gama sana'a.

(Mai karatu, na san ka riga ka san launin da 'yan ƙwallon ƙasarmu suke sawa, kuma na san ka fara murmushi. Ka yi haƙuri ka bar ni in isa wurin da ƙafata.)

Wannan labari na ba da shi a teburin mai shayi har ban san adadi ba, shi ya sa ake ce min Ɗan Ikko. Kowace shekara labarin yana ƙara tsawo. Ƙwallon da aka ci daga kusa da raga ya yi ta ja da baya har ya kai tsakiyar fili. Abu ɗaya ne ban taɓa ambata ba, shi ne launin rigar. Ba ɓoyewa nake yi ba. Na ɗauka kowa ya sani ne, kamar yadda ba ka tsayawa ka gaya wa mutane cewa nono fari ne.

To a bazarar nan Alhaji Lawal, wani Bakatsine mai manyan motocin jigilar auduga, ya haɗa direbobinsa da yaran mota da samarin unguwa ya kafa ƙungiya. Ya aika wa mutanen unguwar Herwagana, waɗanda tasu ƙungiyar ta malaman makaranta ce da kafintoci da ma'aikatan jirgin ƙasa, cewa su zo a gwada. Aka sa ranar Litinin ta bayan Ista, tunda kowa yana hutu. Sai rigima ta tashi a kan riga, domin kowane ɓangare ya ce shi zai sa irin kayan 'yan ƙwallon ƙasa. Aka yi zama aka tashi ba a daidaita ba. Daga ƙarshe Malam Dauda, wani dattijon hedimasta da aka yarda ya yi alƙalancin wasan, ya jefa kwabo sama a gaban mutane, ya faɗo wa Tudun Wada. Aka ce Herwagana su je su nemi wani launi.

Washegari Alhaji ya aiko a kira ni. Na same shi a ƙofar sabon gininsa na bakin titi, jerin shaguna masu ƙamshin siminti.

"Ɗan Ikko, an ce duk garin nan kai kaɗai ka taɓa ganinsu."

"Da idona, Alhaji."

"To ga hotonsu, daga jarida aka yanko min. Irin nasu nake so, sak, kada ka ƙara kada ka rage. Yadin ma kai za ka zaɓo, ni ban san kan yadi ba." Sai ya nuna da haɓa. "Ka ga shagon can na ƙarshe? Ban ba kowa ba tukuna. Wani mai faci yana ta yi min zarya a kansa. Ka fitar da ni kunya ranar Litinin, ran Talata ka zo ka karɓi makulli."

Na dubi shagon, har na ga inda zan ajiye keke da inda zan kafa ƙusar rataye almakashi. Sannan na dubi hoton. Hoton jarida ne na wancan zamani, baƙi da fari, rigunan duk sun fito toka-toka. Na ga yankan wuya, na ga tsawon hannu, na ga farin layin da aka bi bakin hannun da shi. Launi kuwa ban nema a takarda ba, tunda yana cikin kaina. A sana'armu mai kaya ne yake zuwa da yadinsa, tela ya auna ya yanka. Da Alhaji ya bi wannan al'ada da ba ku ji wannan labari ba.

Na shiga kasuwa wurin wani Bakano da nake sayen yadi a hannunsa, na ce ya sauko min da bandir guda na ja, wanda ba ya zuba.

Ya ce, "Ja kuma? Ikon Allah. Bana kore ake rububi, har ya kusa ƙare min. Amma jan ma ya fara motsi, jiya abokinka Bulus ya ɗauki bandir guda, wai na 'yan ƙwallon Herwagana."

Maganar kore ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Ta Bulus ce ta tsaya. Bulus Batangale ne daga Billiri, tare muka koyi ɗinki a hannun maigida ɗaya, tabarma ɗaya muka riƙa kwana a kai shekara da shekaru. Idan allurata ta karye wurinsa nake aikawa, idan bel ɗin kekensa ya tsinke wurina yake zuwa. Da Kirsimeti shinkafar gidansa tana zuwa gidana, da Sallah naman gidana yana zuwa gidansa. Shi ya kamata a tafi da shi Ikko a waccan shekara, don ya girme ni a aiki, sai ƙyanda ta kwantar da shi, aka tafi da ni. Ban taɓa bari ya manta da wannan ba.

Na saɓa bandir a kafaɗa, ban biya gida ba, sai Herwagana. Na tarar da shi a shagonsa, alli a bayan kunne, teburinsa cike da yankakken jan yadi.

"Bulus, haka za mu yi da kai?"

"Me kuma na yi, ɗan'uwa?"

"An jefa kwabo a gaban mutane, kun faɗi. Shi ne za ka zagaya ta baya kana ɗinka musu kayan ƙasa?"

Ya dubi teburin, ya dube ni, ya sake duban teburin. "Wane kayan ƙasa? Kai ka ga kayan ƙasa a nan?"

"Ni za ka yi wa wannan tambaya? Ni da na je Ikko kana kwance kana susa?"

"Tsaya mana. Zauna ka sha ruwa, zafin nan ne ya taɓa ka. Ai kayan ƙasa..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce ya riƙe ruwansa, za mu haɗu a fili. (Ni da ake yaba wa da haƙuri, ni da mai kaya zai zage ni a kan aljihu in ce masa Allah ya huci zuciyarsa. Ashe haƙurina yana da iyaka, kuma iyakarsa Ikko ce.) Bulus bai ga launin bandir ɗina ba, don Bakanon ya naɗe shi da takardar siminti.

Daga nan na wuce wurin Alhaji na ce masa mutanen Herwagana sun saɓa alkawari, launin ƙasa suke ɗinkawa, na gani da idona. Alhaji bai tambaye ni wane launi ba. Me zai sa ya tambaya? Ya ciji leɓe ya ce, "Rabu da su. A fili za mu yi ta, gaban jama'a. Kai dai ka ɓoye namu, kada su saci yankan."

Saboda haka na ɗauke keke daga rumfa na shigar da shi cikin ɗaki, na hana kowa leƙowa. Buba, kyaftin ɗin ƙungiyarmu, wani dogon Bafillace direba, kullum sai ya zo ya tsaya a zaure yana ɗaga murya, da yake ni Babarbare ne akwai wasa tsakaninmu.

"Kai bawan Fulani, fito da rigar maigidanka in gwada!"

"Ka bari sai ranar. In na ba ka yanzu da man shanu za ka dawo min da ita."

"Babarbare, in ta yi min kaɗan kai zan sa a wuya in shiga fili."

Mutum ɗaya ne ya ga aikin kafin ranar, ita ce matata Asabe. Ta shigo da abinci ta tsaya tana kallon tarin ja a kan gado, sannan ta ɗaga kai ta dubi bango. A bangon nan, daidai saman kekena, akwai wata 'yar ƙaramar tuta, kore da fari da kore, ragowar waɗanda ni da Bulus muka ɗinka wa 'yan makaranta a shekarar 'yancin kai.

Ta ce, "Malam, ni na ɗauka kayan ƙasa launin tuta ake yi musu."

Na ce, "Asabe, kin taɓa zuwa Ikko?"

Ta ce, "A'a."

Na ce, "To ajiye tuwon."

Ta ajiye ta fita. Har yau idan muka yi saɓani a gida, ba ta yin dogon musu. Sai ta ce, "Haka ne, ni ban taɓa zuwa Ikko ba."

Aikin kuwa na yi shi da zuciya ɗaya. Ban taɓa ɗinki mai kyau irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Na juya kwala yadda ba a ganin zare, na bi bakin hannu da farin layi, na yanka lambobi da farin yadi na ɗinka a baya (lamba dai na sani tun kafin in san baƙi, saboda awo). Kuma kamar kowane tela mai mutunci, ban gama ba sai ranar da za a sa.

Ranar Litinin bayan la'asar na sa babbar rigata ta Sallah, na ƙulle kayan cikin zanen Asabe, na ɗora a ka na nufi filin makarantar da aka shirya. Tun daga nesa nake jin kalangun Tudun Wada a gefe guda, waƙar matan Herwagana a ɗaya gefen. An jera bencina a inuwar dogon yaro, Alhaji yana zaune a tsakiya da baƙinsa, abokan kasuwancinsa da ya gayyato daga Bauchi su ga ƙungiyarsa cikin kayan ƙasa. 'Yan wasanmu suna bayan aji cikin jamfa da kaftani suna jiran tela.

Na durƙusa in gaida Alhaji ke nan sai aka hura usur, 'yan Herwagana suka fito a guje, a jere, ja wur daga na farko har na ƙarshe. Kamar Ikko ce ta dawo min. Alhaji kuwa sai na ga ya saki fuska, ya jingina.

Ya ce, "Ka gani ko, Ɗan Ikko? Sun ji tsoro sun canza."

Na ce, "Canzawa? Alhaji, ga su nan a gabanka!"

A nan ya kamata in tsaya. Na ga yadda ya dube ni. Mutum mai hankali zai ce, me ya sa Alhaji bai ga abin da na gani ba? Ni kuwa sai na ce a raina, Allah sarki, Alhaji bai san ƙwallo ba, za a cuce shi a gaban baƙinsa, bari in tsaya masa. Na miƙe da ƙunshi a ka, na ratsa layin farar ƙasa, na taka har tsakiyar fili, babbar riga tana jan ƙasa. Na ɗaga hannu. Makaɗa suka tsaya, mata suka yi shiru, don an ɗauka sanarwa ce.

Na ce, "Jama'a, ku zama shaida! An jefa kwabo, Tudun Wada ta ci kayan ƙasa. Yau ga Herwagana sun fito da abin da ba nasu ba. Ni ba labari aka ba ni ba, ni na je Ikko, na gan su da idona. In kuna musu, ga namu!"

Na sauke ƙunshi, na kwance, na zaro lamba tara, na ɗaga ta sama da hannu biyu, ina juyawa gabas da yamma don kowa ya gani.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har kukan wata akuya na ji daga bayan makaranta. Sai ga Buba ya taho a hankali, yana duban rigar, yana duban ƙunshin.

"Babarbare, mene ne wannan?"

"Rigarka ce."

"To ina koren?"

"Wane kore?"

Wata mata ce ta fara daga ɓangaren Herwagana, dariya mai tsawo kamar guɗa. Daga nan fili ya ɗauka. Na ga mutum ya faɗo daga kan benci. Na ga mai kalangu ya rungume kalangunsa yana share hawaye. Ni kuwa ina tsaye, hannuwana a sama, don ban san yadda ake sauke su ba.

Malam Dauda ya yi ta hura usur har aka lafa. Ya matso kusa da ni, ya yi magana a hankali kamar yadda yake yi wa 'yan aji ɗaya.

"Malam tela, wace shekara ka gan su?"

"Kafin 'yancin kai da shekara biyu, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai, ya juya ga jama'a. "Ku daina dariya, bai yi ƙarya ba. A zamanin Turawa ja suke sawa, ni ma na sani." Na fara jin numfashina yana dawowa. Sai ya ƙarasa. "Amma da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, suka tuɓe ja suka sa kore da fari. Yau shekara goma sha uku ke nan, malam tela. Har sunan da ake kiransu da shi da Turanci akwai koren a ciki."

Wani daga cikin taro ya ce, "Ai shi ya ɗinka mana tutar ma muna 'yan makaranta!" Aka sake fashewa.

Sauran bayani gajere ne. Ba a wasa ɓangarori biyu duk da jar riga, kuma Herwagana suna kan gaskiyarsu, an ce su nemi wani launi sun nema. Cikin ruɗewa na ce ko a juya namu ciki ya koma waje. Buba ya ce, "Cikin rigar kore ne?" Da jamfa ba a gudu, singileti kuwa wani yana da ita wani ba shi da ita. Malam Dauda ya yanke hukunci: Tudun Wada su tuɓe riga. Haka 'yan wasanmu suka shiga fili daga su sai gajeren wando, wani ƙashin haƙarƙari a waje, wani tumbi yana rawa, a gaban matan unguwa biyu da baƙin Bauchi.

Na tattara kayana na zo wucewa ta gaban benci. Alhaji bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya dai dube ni ya ce, "Ɗan Ikko, laifina ne. An gaya min ka je Ikko, ban tambaya ko ka dawo ba."

Na je can ƙarshen fili na zauna a kan ƙunshin. Ban gudu gida ba, don hanyar gida ta cikin mutane take. Ina kallon wasan ina ganin yadda ƙasar filin, wadda rana ta gasa ta yi tauri, take kwashe fatar bayan duk wanda ya faɗi. Amma yawancin lokacin ba filin nake gani ba. Tunani nake yi. Mutanen da na gani a Ikko sun daɗe da ajiye ƙwallo, wataƙila wasu sun yi furfura. Tsakanin ranar da yau an canza tuta, an yi yaƙi an gama, jirgin ƙasa ya iso Gombe, motoci sun koma bin hannun dama, kuɗin aljihuna ma an canza musu suna. Duk na yarda da waɗannan, don a gabana aka yi su. Yammacin nan guda ɗaya ne na kulle a raina na hana shi motsi, saboda shi kaɗai ne abin da nake da shi wanda wasu ba su da shi. Da na tambayi wani wane launi suke sawa yanzu, da na zama kamar kowa a teburin mai shayi. Abin da na guje wa ke nan, ba tare da na sani ba.

Ina cikin haka sai na ji mutum ya zauna kusa da ni. Bulus ne.

Can ya ce, "Da ka bari na ƙarasa maganata."

Na ce, "Da na bari."

Ya zaro riga ɗaya daga ƙarƙashina, ya juya ta, ya kai wuyan kusa da idonsa, ya bi ɗinkin da farce. "Amma kwalar nan ta yi kyau. Yaya ka juya ta zare bai fito ba?"

Na karɓa na nuna masa. Muna cikin maganar kwala aka ci mu na farko, muna maganar bakin hannu aka ci mu na biyu. Da aka tashi, Buba ya biyo ta wurinmu, bayansa duk ƙurji da jar ƙasa, ya juya min shi ya ce, "Duba, Babarbare, ga kayan ƙasa nan na sa. Ja ne, ko?"

Ran Talata ban je karɓar makulli ba, ba a kuma aiko ba. Ran Laraba na wuce ta bakin titi na ga mai faci yana rataye tsohuwar taya a ƙofar shagon. Har yau yana nan, ya ma ƙara da na kusa da shi. Muna gaisawa.

Rigunan kuwa Asabe ta ce ba za a yi asarar yadi mai kyau ba. Na rage su, aka raba wa 'ya'yanmu da na ƙanena. Shekara da shekaru, duk inda ka ga yaro da jar riga da lamba a baya a Tudun Wada, to ɗan gidanmu ne, kuma sai ka ji an ce, "Ku ba da hanya, ga 'yan ƙwallon ƙasa." Lamba ɗaya, ta mai tsaron gida, Asabe ta riƙe tana sawa idan za ta yi daka.

Bayan shekara bakwai, da 'yan wasanmu suka ɗauki kofin Afirka a Ikko, gari ya cika da murna, Bulus ya zo rumfata da wani abu a naɗe. Kalanda ce mai launi, da hotonsu sun jeru da kofin a gaba. Ranar na fara ganin koren da idona. Ya yi musu kyau, ban musa ba. Na dai ce masa yankan wuyan bai kai na da ba. Ya ce, "Rataye ta inda za ka riƙa gani, ba a saman kanka ba kamar tutar nan."

Yanzu da girma ya fara kama ni na shiga ajin yaƙi da jahilci, malaminmu ya ce kowa ya rubuta wani abu da ya taɓa faruwa da shi. 'Yan ajinmu suka ce ai nawa a bayyane yake, rashin karatu ne ya jawo min. Na so in yarda, don ya fi daɗin faɗa. Amma Asabe ba ta yi karatu ba, kuma ta gane. Bakanon ya faɗa min, Bulus ya buɗe baki zai faɗa min, tuta tana bisa kaina ina taka keke. Abin da na koya shi ne, abin da mutum ya gani da idonsa ma yana tsufa, kuma ba ya sanar da kai ranar da ya tsufa. Shi ya sa yanzu ko farar riga mutum ya ce in ɗinka masa, sai na ajiye almakashi na ce, "Nuna min farin da kake nufi."

Har yanzu ina rumfar nan, rana tana shigowa ina jan keke gaba da baya. Abin da na rasa a ranar ba shi da wuyar faɗa: bandir guda na jan yadi, shago ɗaya mai ƙofa da kwaɗo a bakin titi, fatar bayan Buba, da labari ɗaya da na fi so a duniya, wanda yanzu wasu ne suke ba da shi a teburin mai shayi, ni ina saurare.